Ubuntu, Mint, Debian, Fedora ko Tails: wacce za ta fi tsare maka kwamfuta a Zamfara?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai kwana biyu ba, abin da tsofaffin kwamfutoci na hannu da dama ba su da shi. Su ne kuwa suka cika shagunan buga takardu da kafe-kafe da ofisoshin makarantu daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Shi ya sa maganar Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows, mai iri-iri kamar biyar ɗin nan na sama, ta taso wa mutanen da a da ko sunanta ba su damu da shi ba.

Da ka tambaya, amsa biyu za ka ji. Wani ya ce maka Linux ba ta kamuwa da bairos, ka ɗora ka yi barcinka. Wani ya ce tun da rubutun manhajar a buɗe yake kowa na iya karantawa, ai ɓarawo ma ya gama sanin lungu da saƙonta. Duk su biyun sun kauce. A watan Afrilu 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanan da ke yawo a intanet, bayan ta shafe kusan shekara 2 a fili ba wanda ya lura. A Janairu 2022 aka gano wata mai suna PwnKit, wadda take bai wa ƙaramin mai amfani ikon shugaban kwamfuta, ita kuma tun 2009 take kwance. Ke nan buɗe rubutu bai sa an karanta shi ba. A ɗaya gefen kuma, ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa an dasa ƙofar baya a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa jinkirin kusan rabin daƙiƙa ne da ya gani wajen shiga wata kwamfuta daga nesa. Ya bi sawu har ya tono aikin wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya yi sama da shekara 2 yana taimakawa a aikin xz har aka amince da shi. Da a rufe rubutun yake, da wuya mutum ɗaya daga waje ya bi wannan sawun.

Ɓaraka dai ba ta ƙarewa, ko a buɗaɗɗiyar manhaja ko a rufaffiya. Abin da ya raba wata Linux da wata shi ne wa ke yin facin, shekara nawa zai yi yana yi, kuma ko facin zai iso kwamfutarka da ke Tudun Wada ko Sabon Gari. A kan wannan zan auna su.

Ma'aunan

Na farko tsawon kulawa. Kusan duk Linux tana da ranar da za a daina aiko mata faci, kuma daga ranar ta koma daidai da Windows 10 ɗin da ka gudu daga gare ta.

Na biyu, wanda masu rubutu daga Turai ba sa kawowa a lissafi, shi ne data da wuta da sabis. A Janairu 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Kuma ba mu manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sabis. Manhajar da ke neman a sauke mata kaya masu nauyi kowane mako, ƙarshenta mai shago ya kashe sabuntawar don ya tsira da datarsa. Daga nan duk tsaron da aka yi mata alkawari ya tashi a banza.

Na uku, me ke kunne tun ranar da aka girka. Mafi yawan mutane ba sa komawa saiti. Yadda mai gyara ya miƙo musu kwamfutar, haka za ta zauna har ta mutu.

Na huɗu nauyi da sauƙi: za ta tashi a kan ram giga 4? Yarinyar da ke buga takardu za ta gane kanta ba tare da an yi ta kiran injiniya ba? Na ƙarshe, ta ina haɗarin kowacce yake ɓullowa. Batun kuɗi kuwa, dukkansu kyauta ake saukewa. Kuɗin da za ka kashe na data ne, da ladan mai girkawa, da ranakun da aiki zai tsaya.

Ubuntu LTS

Kamfanin Canonical ne ke yin ta, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Duk bayan shekara 2, a watan Afrilu, suna fitar da bugu mai dogon zango, wato LTS. Na 24.04 ya fito a 2024, kuma zai samu faci har 2029. Babban abin da ya sa nake fifita ta ga wanda ba shi da mai kula masa: facin tsaro yana sauka da kansa tun ranar farko, ba sai an danna komai ba. Tana kuma zuwa da AppArmor a kunne, mai takura wa wasu manhajoji kada su taɓa abin da ba nasu ba.

Akwai wani lungu da ya kamata ka sani. Rumbun manhajojin Ubuntu ya kasu. Alkawarin shekara 5 ya shafi ɓangaren da ake kira main ne, wanda kamfanin ya ɗauki nauyinsa. Dubban manhajoji, har da VLC da kowa ke kallon bidiyo da ita, suna ɓangaren universe, kuma cikakken facinsu sai ka yi rajistar Ubuntu Pro. Rajistar kyauta ce ga mutum har kwamfuta 5, tana kuma kai kulawar zuwa shekara 10. Abin da ya wuce haka, farashin da kamfanin ya sanya dala 25 ne a shekara ga kowace kwamfutar ma'aikaci. Mai kwamfuta 3 a shago ya samu garaɓasa. Makaranta mai 40 sai ta zauna da biro da takarda.

Matsalarta nauyi. Fayil ɗin girkawa ya kusa giga 6, kuma a kan ram giga 4 za ta tashi amma tana jan ƙafa da an buɗe shafuka da yawa. Akwai ƙannenta masu sauƙin nauyi, Xubuntu da Lubuntu, sai dai fuskar tasu shekara 3 ake kula da ita. Katangar tsaronta, ufw, mai tare masu neman shigowa kwamfutar ta intanet, tana nan amma a kashe. Sannan a kasuwar manhajojinta ta Snap an sha kama jabun manhajojin ajiyar kuɗin kirifto da suka kwashe wa mutane dukiya. Kasancewar abu a kasuwar hukuma ba shaidar cewa an tantance shi ba ce.

Linux Mint

A kan Ubuntu LTS aka gina ta, saboda haka mafi yawan facinta daga can yake zuwa, kuma jerin Mint 22 zai kai 2029 shi ma. Fuskarta ta yi kama da Windows sosai. Wanda ya saba da maɓallin kusurwar hagu ta ƙasa ba zai ɓata ba, kuma wannan kansa tsaro ne, don mutumin da ya rikice shi ne ke kiran duk wanda ya samu ya miƙa masa kalmar sirri. Fayil ɗinta ya kusa giga 3, tana kuma zama lafiya a ram giga 4.

Abu biyu nata suka dace da kafe. Ɗaya Timeshift, mai ɗaukar hoton yanayin manhajar, ta yadda in sabuntawa ta lalace, misali aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, za ka iya mayar da kwamfutar yadda take jiya. Na biyu zaman baƙo, wanda ake kunnawa a saitin allon shiga. Duk wanda ya taɓa leƙa babban fayil ɗin saukarwa na kwamfutar kafe ya san abin da nake nufi: takardar NIN ta wannan, hoton fasfo na wancan, sakamakon WAEC, takardar banki mai ɗauke da lambar asusu, duk a jere na watanni, kuma yaron da ya biya kuɗin minti 30 yana iya kwashe su a filas. Da zaman baƙo, mutum na fita komai ya goge.

Inda ta gaza: sabuntawa ba ta sauka da kanta sai ka shiga ka kunna. In ba haka ba, wata 'yar garkuwa ce za ta fito a kusurwar allo tana jiran a danna ta, kuma na ga inda aka yi wata da watanni ba a kula ta ba. Ubuntu Pro ba ta shafi Mint ba, don haka giɓin nan na universe yana nan. Katangarta ma a kashe take zuwa, ko da yake dannawa ɗaya ce. A tarihinta kuma akwai tabo: a Fabrairu 2016 masu kutse sun shiga shafinta suka karkatar da masu saukewa zuwa jabun fayil mai ƙofar baya. An gano cikin gaggawa, amma darasin bai tsufa ba, zan dawo kansa.

Debian

Ita ce uwar su biyun. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, ba ta da kamfani, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Bugu na 12 ya fito a Yuni 2023, na 13 a Agusta 2025. Kowane bugu yana samun kusan shekara 3 a hannun kwamitin tsaronta, sannan wata tawaga ta ƙarasa da shi zuwa shekara 5.

Ɗabi'arta rashin gaggawa. Da bugu ya fito sai a daskarar da manhajojin, ba a ƙara sabon salo, sai dai a toshe ɓaraka. Sakamakon haka sabuntawarta ba ta da yawa, ba ta cin data kamar sauran, kuma da wuya ta karya abin da ke aiki. Wannan jinkirin ne ya cece ta a rikicin xz: gurɓataccen bugun, 5.6.0 da 5.6.1, ya shiga rassan gwaji na Debian, amma bai kai ga tsayayyen bugun da jama'a ke amfani da shi ba. Haka ma Ubuntu LTS ta tsira. Ƙaramin fayil ɗin girkawarta bai kai giga 1 ba, sai dai sauran kayan daga intanet yake jawowa yayin girkawa. In aka haɗa ta da fuskar Xfce, tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita sai ta farfaɗo. Amma mai inji irin na 32-bit ya sani cewa bugu na 13 ya daina fitar masa da fayil ɗin girkawa.

Debian ba ta riƙe wa kowa hannu. Sabuntawa mai sauka da kanta sai ka saita, katanga sai ka girka. A hannun wanda ya iya, ita ce na fi amincewa da ita a jerin nan. A hannun wanda aka ɗora masa aka tafi, ta fi Ubuntu haɗari, don ba abin da zai tuna masa.

Fedora

Kamfanin Red Hat ne ke ɗaukar nauyinta. A takarda ta fi kowa shiri: SELinux, mai takura wa manhajoji kamar AppArmor, a kunne, katanga a kunne, sababbin dabarun tsaro su kan fara bayyana a nan. Amma bugu yana fita kusan duk wata 6, kuma kowanne wata 13 kawai ake kula da shi. Dole aƙalla sau ɗaya a shekara ka ɗaga manhajar gaba ɗaya, ban da sabuntawar da ke zubowa kusan kullum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, mai son sanin abin da manyan kamfanoni ke aiki da shi, ta cancanci datar. Ga shagon da ke haɗa intanet daga wayar mai gida, a'a. Kusancinta da sabon abu ma yana da farashi: gurɓatacciyar xz ta shiga rassanta na gwaji kafin a kama.

Tails

Wannan daban take. Ba a girka ta a kwamfuta, a filas mai aƙalla giga 8 take zama. Ka soka, ka tayar da kwamfutar daga kanta, duk zirga-zirgarka ta intanet ta bi ta Tor, hanyar da ke ɓoye inda kake da shafukan da kake shiga, ka zare komai ya ɓace sai abin da ka ajiye a kulallen sashe. A 2024 ta haɗe da masu aikin Tor. Tana da jinkiri, shafukan banki da na rajista sukan ƙi ta, kamfanin layinka kuma zai iya gane cewa Tor kake amfani da shi ko da bai ga abin da kake yi ba. Ba ta buga takardar Alhaji ba ce.

| | Kuɗi | Tsawon kulawa | Cin data | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ubuntu LTS | Kyauta. Pro kyauta har kwamfuta 5 | Shekara 5, ko 10 da Pro | Matsakaici zuwa sama | Mai sauƙi, amma da nauyi | Giɓin universe, jabun manhajoji a Snap |
| Mint | Kyauta | Har ƙarshen shekara 5 na Ubuntun da ke ƙarƙashinta | Matsakaici | Mafi sauƙi | A manta ba a kunna sabuntawa ba |
| Debian | Kyauta | Kusan shekara 5 | Kaɗan | Sai da gwani | A girka a bari ba saiti |
| Fedora | Kyauta | Kusan wata 13 | Da yawa | Matsakaici | Wa'adi ya ƙare ba a sani ba |
| Tails | Kuɗin filas | Sabon bugu a kai a kai | Matsakaici | Sai an koya | A ɗauka ta rufe komai |

Abin da sunan manhaja ba ya magancewa

Fara daga inda ka samo fayil ɗin. A wajenmu da wuya mutum ya sauke giga 6 da kansa, filas ne ke yawo daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya san asalinsa. Ubuntu, Mint, Debian da Fedora kowacce tana wallafa wata doguwar lamba, SHA256, a shafinta. Ka sa a lissafa ta fayil ɗin da ke hannunka a gwada. In harafi ɗaya ya saɓa, a jefar. Minti 2 ne, kuma datar da zai ci ba ta kai ta hoto ɗaya ba. Mai girkawar da ya ce maka “haba Malam, wanga ai shi nika sa ma kowa”, ka ce ya yi haƙuri ya gwada a gabanka.

Sai kulle faifan ajiya. A ganina ɓarawon da zai fasa shago da dare, ko ya fizge jaka a tasha, ya fi kusa da kai fiye da mai kutse daga wata ƙasa. Kalmar sirrin shiga ba ta hana shi komai, zai zare faifan ya karanta a wata kwamfutar. Ubuntu, Mint, Debian da Fedora duk suna ba da zaɓin kulle faifai da LUKS, amma a lokacin girkawa ake zaɓa, daga baya aiki ne ja. Sharaɗinsa mai tsauri ne: ka manta kalmar, ba injiniyan da zai buɗe maka, ko a Kano. Ka rubuta ta ka ajiye a gida, ba a jikin allon kwamfutar da salatef ba. Ga asibiti ko makaranta abin ya wuce son rai, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.

Asusun shugaba kuma na mutum ɗaya ne. Ma'aikata da kwastomomi a buɗe musu ƙaramin asusu wanda ba ya iya girka komai. Kada kuma ka kwafo umarni daga bidiyo ko wani zaure ka liƙa da sudo, kalmar da ke bai wa umarni ikon shugaba, a gabansa alhali ba ka san me yake yi ba. Ta nan mai Linux ya fi buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa.

Ga mai kwamfutoci da yawa akwai dabarar da ke rage kukan data ƙwarai. Wata manhaja mai suna apt-cacher-ng, in aka ɗora ta a kwamfuta ɗaya, ita za ta sauke faci sau ɗaya ta raba wa sauran ta wayar cikin gida. Kwamfuta 20 su ci datar kusan guda. Tana aiki da Debian da Ubuntu da Mint, amma ribarta sai in duk bugu ɗaya suke, wanda dalili ne mai ƙarfi na kada a cakuɗa iri-iri a ɗaki ɗaya. A sa aikin ya gudana lokacin da akwai sola ko inji, ba lokacin da ake fargabar ɗaukewar wuta ba.

Wa ya dace da wacce

Mai kafe ko shagon buga takardu da kwamfutocinsa na hannu ne: Mint. Kafin mai girkawa ya karɓi ladansa, ya kunna sabuntawa mai sauka da kanta, da katanga, da Timeshift, da zaman baƙo, a gabanka. Ka kuma gwada firintarka da na'urar ɗaukar hoton takarda daga filas tun kafin a goge Windows. In wata hukuma, ta jarrabawa ko ta rajista, ta ce manhajarta sai a kan Windows, ware mata kwamfuta guda mai ɗaukar Windows 11, kada ka yi jayayya da ita.

Ɗan kasuwa, lauya, ko ma'aikaciyar da kwamfutarta ɗaya ce ko biyu, ram ya kai giga 8, kuma ba ta da mai leƙa mata: Ubuntu LTS da rajistar Pro ta kyauta, da faifai a kulle.

Makaranta ko asibiti mai kwamfutoci sama da 10, da ma'aikacin da ya san aikin kuma ba gobe zai tafi ba: Debian da apt-cacher-ng. In wanda ya iya ɗin ɗan bautar ƙasa ne da zai kammala cikin 'yan watanni, ku koma Ubuntu LTS ko Mint, don magajinsa ya fi saurin gane su. Haka ma ƙaramar saba ta ofis, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, Debian ko Ubuntu LTS, a rufe shiga daga nesa da kalmar sirri, a koma amfani da makullin dijital na SSH.

Wanda ke garin da sabis ke zuwa yana tafiya, irin su ƙauyukan Anka ko Maru, Debian ce ta fi jure dogon rashi, kuma duk ranar da ya shigo Gusau ya fara da sabuntawa kafin ya buɗe burauza. Ɗalibi mai neman ƙwarewa ya ɗauki Fedora, ya rubuta ranar ƙarewar wa'adinta inda zai gani. Ɗan jarida ko ma'aikacin agaji da ke riƙe da sunayen mutanen da bayyanarsu za ta jefa su cikin haɗari ya ajiye Tails a filas don wannan aikin kaɗai, sauran harkokinsa na yau da kullum ya yi su a kan Ubuntu ko Debian mai kulallen faifai.